Giuseppe Meazza: Maciyin Ƙwallon da Ya Ja Baya, Italiya Ta Ɗauki Kofin Duniya Biyu

Italiya ta ɗauki kofin duniya sau biyu a jere, a 1934 da 1938. Wasa tara ta buga a gasannin biyu, ta zura ƙwallo 23. Giuseppe Meazza ya buga duka taran, amma uku kacal ne nasa a cikin ƙwallayen nan. Wanda ya tsaya a kan alƙaluma zai ɗauka ɗan rakiya ne. Alhali mutumin nan shi ne ya ci ƙwallo 31 a kaka guda yana ɗan shekara 19, kuma a wurin Italiyawa shi ne ginshiƙin waccan tawaga. Ba a gane dalilin wannan tazara sai an san irin aikin da koci Vittorio Pozzo ya ɗora masa, da yadda ake buga tamaula a wancan zamani.

An haife shi a Milan ranar 23 ga Agusta 1910, a unguwar Porta Vittoria. Mahaifinsa ya rasu a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, mahaifiyarsa Ersilia ta riƙe shi da sana'ar sayar da kayan marmari a kasuwa. Ƙungiyar AC Milan ta ƙi ɗaukarsa saboda ramarsa, Inter ta ɗauke shi. Ko da ya girma tsawonsa bai wuce mita 1.69 ba.

Wanda ya fito da shi babbar ƙungiya a 1927 shi ne Árpád Weisz, koci ɗan ƙasar Hangare. Wani tsohon ɗan wasa a ƙungiyar, Leopoldo Conti, da ya ga an sa yaro ɗan shekara 17 a cikinsu, sai ya laƙaba masa Balilla, sunan ƙungiyar yara ƙanana da gwamnatin Mussolini, mai mulkin Italiya a lokacin, ta kafa a 1926. Da zolaya aka fara, sunan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Ita ma Inter, wadda cikakken sunanta Internazionale ke nufin ƙasa da ƙasa, ba ta tsira da sunanta ba. A 1928 hukuma ta haɗe ta da wata ƙungiya ta birnin aka kira ta Ambrosiana, domin masu mulkin ba sa son jin wani abu mai nuni da ƙasa da ƙasa. Shi ya sa a tsofaffin teburan gasar za ka ga Ambrosiana, daga baya Ambrosiana-Inter, a wurin da kake neman Inter.

Kakar 1929-30 ce ta farko da aka buga Serie A a tsarin rukuni ɗaya da muka sani yau, da ƙungiya 18 a lokacin, kowa ya kara da kowa gida da waje. Ambrosiana ta lashe, Meazza ya fi kowa cin ƙwallo. Wasan da ya fi fito da shi a kakar shi ne na Genoa a watan Yuni 1930 a filin Via Goldoni, ranar da wani ɓangare na wurin zaman 'yan kallo ya rufta mutane da dama suka jikkata. An buga wasan duk da haka. Genoa, wadda ke biye da su a tebur, ta shiga gaba, aka tashi 3-3, kuma duka ukun Ambrosiana Meazza ne ya ci.

Yadda yake cin ƙwallo

Italiyawa suna da suna na musamman ga salonsa, suna cewa yana gayyatar mai tsaron raga. Abin yana da matakai. Idan ya yanke ɗan baya na ƙarshe ya saura shi da gola, ba ya gaggawar bugawa. Sai ya rage gudu, wani lokaci ya kusa tsayawa, ƙwallon na manne da ƙafarsa. Wannan tsayawar ita ce tarkon. Golan da ke kan layi ba ya iya jurewa ya ga mutum tsaye a gabansa, sai ya fito. Da ya fito ya yi nisa da turakunsa, sai Meazza ya karkata kafaɗa kamar zai buga gefe ɗaya. Gola ya zube ta can, shi kuma ya ja ƙwallon ta ɗaya gefen ya tura ta raga a hankali.

A baki abin yana da sauƙi, a fili kuwa wurare uku yake lalacewa. Idan ka rage gudu da wuri, ɗan bayan da ka wuce zai cim maka ta baya. Idan ka bar ƙwallon ta yi nisa da ƙafarka ko da taku ɗaya ne, gola zai faɗa mata kafin ka taɓa. Idan kuma ka yi yaudarar tun gola bai ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya ba, zai tsaya cak ya tare maka hanya. Dole idonka ya kasance a kan ƙafafun gola, ba a kan ƙwallo ba, wato sai ka iya sarrafa ta ba tare da ka duba ƙasa ba.

A haɗa da irin kayan aikin lokacin. Ƙwallon fata ce mai ɗinki, da igiyar da ake ɗaure bakinta. Idan ta sha ruwa sai ta yi nauyi, kuma igiyar na iya tsaga goshin wanda ya sa mata kai. Filayen hunturu taɓo ne. Ba a canjin ɗan wasa: wanda ya ji rauni ko dai ya fita ƙungiyarsa ta ƙarasa da mutum goma, ko a tura shi gefe ya riƙa ɗingishi. Katin gargaɗi da jan kati ba su zo ba sai a 1970. A cikin wannan hali ne ɗan gajeren mutum ya yi suna da cin ƙwallo da ka, yana buga ta da kowace ƙafa, yana kuma da bugun tazara mai tashi sama ta sauko kwatsam bayan katangar 'yan wasa.

Tawagar ƙasa ta kira shi a Fabrairun 1930, ya ci biyu a wasansa na farko da Suwizalan a Rum. Bayan wata uku Italiya ta je Budapest ta lallasa Hangare 5-0, uku nasa ne, nasarar da ta ba ta kofin ƙasashen tsakiyar Turai. A lokacin Hangare da Ostiriya ne malaman tamaula a nahiyar, don haka wannan sakamako ya girgiza mutane.

Tsarin Pozzo da gurbin da aka ba Meazza

Nan ne zuciyar maganar. A 1925 aka sauya dokar satar gida. Kafin nan sai da 'yan wasan hamayya uku tsakanin mai kai hari da layin raga, aka mayar da su biyu. Nan take ƙwallaye suka yawaita, kowane koci ya shiga neman yadda zai toshe baya. Tsarin da kowa ke amfani da shi kafin sauyin shi ne biyu a baya, uku a tsakiya, biyar a gaba a jere.

A Ingila, Herbert Chapman na Arsenal ya ɗauke ɗan tsakiyar tsakiya ya mayar da shi baya, ya zama mai gadin ɗan wasan gaba na abokan hamayya. Pozzo bai yarda da wannan ba, domin a ganinsa an yi asarar mutumin da ke rarraba ƙwallo. Ya bar shi a tsakiya. 'Yan baya biyu suka tsaya a bakin raga suna share duk abin da ya zo, 'yan tsakiya na gefe biyu suka buɗe suna gadin masu gudu ta gefen layi. Sai ya zamana tsakiyar fili ta rage mutum ɗaya tilo, wanda ba zai iya riƙe ta shi kaɗai ba. Maganin da Pozzo ya kawo shi ne ya janyo biyu daga cikin biyar na gaba, waɗanda ke dama da hagun ɗan wasan gaba na tsakiya, ya sauko da su. Tsarin ya koma 2-3-2-3, ana kiransa Metodo.

Waɗannan biyun da aka janyo su ne injin tsarin. Aikinsu ya haɗa da saukowa su karɓi ƙwallo daga ɗan tsakiya, su juya da ita alhali ana matsa musu, su zaɓi ko su jefa wa na gefe ko su zura wa na gaba ta tsakanin 'yan baya, sannan su biyo harin a makare su shigo yadi na 18 ba tare da an lura da su ba. Idan ƙwallo ta ƙwace kuma su ne farkon masu tarewa. Inda tsarin ke rushewa a bayyane yake. Idan su biyun suka maƙale a gaba, ɗan tsakiya zai nutse cikin mutum biyu ko uku. Idan suka sauko da yawa, ɗan wasan gaba zai zama maraya, ba mai kawo masa komai. Idan kuma ba su da saurin yanke shawara, harin ramuwar gayya da tsarin ya dogara a kai ya mutu tun bai tashi ba.

A 1933 Pozzo ya ɗauke Meazza daga tsakiyar gaba ya ba shi gurbin dama na waɗannan biyun, Giovanni Ferrari yana hagu. Gaba aka bar wa Angelo Schiavio na Bologna, daga baya Silvio Piola na Lazio. A ganinmu wannan ita ce shawara mafi muhimmanci a tarihin waccan tawaga. Pozzo yana da masu cin ƙwallo da yawa, amma mai ganin fili kamar Meazza ɗaya ne. Da ya bar shi a gaba, sai ya jira a kawo masa. Da ya sauko da shi, kusan kowane hari ya bi ta ƙafarsa. Abin yabo ga Meazza shi ne ya karɓi aikin a lokacin da sunansa ya fi na kowa, kuma bai daina ci ba: ya sake zama wanda ya fi kowa zura ƙwallo a Serie A a 1936 da 1938.

1934, da abin da ke tattare da ita

Gasar 1934 a Italiya aka yi, kuma Mussolini ya ɗauke ta hanyar tallata mulkinsa. Yurugwai mai riƙe da kofin ta ƙi zuwa, Ingila ba ta cikin FIFA a lokacin. A gasar ce ƙasar Afirka ta fara bayyana, wato Masar, wadda Hangare ta doke 4-2 a Napoli. Tawagar Italiya tana ɗauke da 'yan wasan da aka haifa a Ajantina masu tushen Italiya, irin su Raimundo Orsi, Enrique Guaita da Luis Monti. Dokar 1926 ta hana baƙi buga wasa a ƙasar, sai aka buɗe ƙofa ga jikokin waɗanda suka yi ƙaura. Monti ma ya buga wa Ajantina wasan ƙarshe na 1930, kuma shi ne ɗan tsakiyar da tsarin Pozzo ya ginu a kansa.

Bayan an casa Amurka 7-1, sai Sifaniya a Florence. An tashi 1-1 bayan ƙarin lokaci a wasan da ya fi kama da dambe, har Mario Pizziolo na Italiya ya karye a ƙafa. Babu bugun fenareti na raba gardama a lokacin, don haka aka sake wasan washegari, 1 ga Yuni. Sifaniya ta sauya mutum bakwai, har da shahararren golanta Ricardo Zamora. Meazza ya ci da ka daga bugun kusurwa, aka tashi 1-0. Alƙalin wasan, René Mercet, ya soke wa Sifaniya ƙwallaye biyu, kuma hukumar ƙwallon ƙasarsa Suwizalan ta dakatar da shi bayan gasar. A wasan kusa da na ƙarshe da Ostiriya a Milan, cikin taɓo, Monti ya hana tauraron Ostiriya Matthias Sindelar sakat, Guaita ya ci ƙwallo ɗaya tilo bayan Meazza ya yi karo da gola Peter Platzer. Alƙalin wannan wasa, Ivan Eklind ɗan Suwidin, shi aka sake ba wasan ƙarshe.

Ba ma ganin adalci ne a ɓoye waɗannan abubuwa don a kare martabar ɗan wasa. Kofin 1934 yana da tabo. Amma abin da ya faru a wasan ƙarshe a Rum ranar 10 ga Yuni ya nuna darajar gurbin da aka ba Meazza. Chekoslobakiya ta fara ci ta ƙafar Antonín Puč, Orsi ya farke saura minti tara. Meazza ya ji rauni yana ɗingishi a gefe, 'yan hamayya suka daina gadinsa. A farkon ƙarin lokaci ƙwallo ta same shi shi kaɗai, ya miƙa wa Guaita, Guaita ya ba Schiavio, aka tashi 2-1.

Bayan wata biyar, ranar 14 ga Nuwamba, 'yan Italiya suka je wasan sada zumunci a filin Highbury a Landan, inda Ingila ta fito da 'yan Arsenal bakwai. Monti ya karye a ƙafa a mintunan farko, kafin a cika kwata ɗaya na awa an zura musu uku. Da mutum goma suka dawo daga hutun rabin lokaci, Meazza ya ci biyu cikin minti huɗu, ya kuma daki turken sama. An tashi 3-2.

1938

Gasar Faransa ce ta amsa wa masu cewa gida da alƙalai ne suka ba Italiya kofi. Pozzo ya sauya kusan kowa. Mutum huɗu ne kawai suka ɗauki kofin sau biyu: Meazza, Ferrari, Eraldo Monzeglio da Guido Masetti, kuma a wasannin ƙarshe biyun Meazza da Ferrari kaɗai suka buga duka. Wato an sauya gola, an sauya 'yan baya, an sauya na gaba, amma mutum biyun da ke haɗa tsakiya da gaba ba a taɓa su ba. Meazza ne kyaftin.

Yanayin bai yi musu daɗi ba. Italiya ta mamaye Habasha tun 1935, kuma a Marseille dubban 'yan kallo, cikinsu da Italiyawan da suka gudo daga mulkin Mussolini, sun yi musu ihu lokacin da suka ɗaga hannu suna gaisuwar 'yan fasist. Da kyar suka wuce Norway 2-1 bayan ƙarin lokaci. A wasa da Faransa suka fito da baƙaƙen riguna, launin jam'iyyar mai mulki, suka ci 3-1. Meazza ne ke gaban wannan sahu, kuma hotunan suna nan.

A wasan kusa da na ƙarshe da Birazil, wadda ba ta sa tauraronta Leônidas ba, Gino Colaussi ya fara ci, sannan Domingos da Guia ya kayar da Piola a yadi na 18. Labarin da ya shahara shi ne robar gajeren wandon Meazza ta tsinke, ya riƙe wandon da hannu ɗaya ya buga fenaretin ya ci. Ita ce ƙwallonsa ta ƙarshe a rigar Italiya. A wasan ƙarshe da Hangare a Paris ranar 19 ga Yuni bai ci ba, amma shi ya ba Piola ta biyu, shi ya ba Colaussi ta uku tun kafin hutu. An tashi 4-2.

A shekarar nan ce gwamnati ta kafa dokokin wariya a kan Yahudawa. Weisz, Bayahuden da ya fito da Meazza kuma ya lashe Serie A sau biyu da Bologna, ya bar ƙasar dole. Ya koma Holan, daga can aka kama shi da iyalinsa. Ya mutu a sansanin Auschwitz a 1944.

Ƙafa, da lissafin ƙwallaye

Abin da ya karya Meazza ba ɗan baya ba ne. Jijiyoyin jini ne suka toshe a ƙafarsa ta hagu, jini ya daina isa yadda ya kamata, ƙafar ta riƙa sanyi. Yana ɗan shekara 29 ya rasa kakar 1939-40 gaba ɗaya. Ana lissafa masa kofin Serie A uku, 1930, 1938 da 1940, sai dai na ukun bai buga wasan lig ko ɗaya a cikinsa ba. A ƙarshen 1940 ya koma Milan, ƙungiyar da ta ƙi shi yana yaro, ya yi kaka biyu. Daga nan Juventus, Varese a lokacin yaƙi, Atalanta, sannan ya dawo Inter a 1946-47 yana wasa yana horarwa, ya taimaka ta tsira daga faɗuwa.

Masu neman alƙalumansa sukan rikice saboda adadin ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Dalilin shi ne ma'aunin da aka ɗauka. A Serie A ƙwallonsa 216 ne, 197 a Inter, 9 a Milan, 10 a Juventus, daidai da José Altafini, bayan Piola, Francesco Totti da Gunnar Nordahl. Wannan lissafi bai haɗa da kakanni biyu na farko kafin 1929 ba, domin ba a tsarin rukuni ɗaya aka buga su ba, haka ma wasannin lokacin yaƙi da na 1945-46. Idan aka tara duk gasannin da ya buga wa Inter, adadin 284 ne, kuma har yanzu ba wanda ya kai shi a ƙungiyar. A tawagar ƙasa ya ci 33 a wasa 53. Sai a 1973 Gigi Riva ya wuce shi, kuma Meazza na nan a matsayi na biyu.

A wajen fili shi ne ɗan ƙwallon Italiya na farko da ya yi rayuwar taurari: gashi a kwance da mai, motoci, rawa da dare, fuskarsa a tallace-tallace. A aikin koci bai yi fice ba, ko da yake ya riƙe Beşiktaş ta Turkiyya a ƙarshen shekarun 1940, ya kuma yi aiki da tawagar Italiya a 1952 zuwa 1953. Inda ya bar alama shi ne sashen matasa na Inter. A hannunsa Sandro Mazzola ya taso, yaron da mahaifinsa Valentino ya mutu a haɗarin jirgin ƙungiyar Torino a Superga a 1949. Mazzola ya girma ya ɗauki kofin Turai sau biyu da Inter, a 1964 da 1965, kuma shi ma ya fara a gaba kafin a sauko da shi ya riƙa tsara wasa.

Meazza ya rasu ranar 21 ga Agusta 1979, saura kwana biyu ya cika shekara 69. A 1980 aka sa wa filin San Siro sunansa. Abin lura shi ne ba a nan ya yi zamanin ganiyarsa ba. Filin ƙungiyar Milan ne, an buɗe shi a 1926, Inter kuwa a Via Goldoni da Arena Civica take wasa, ba ta tare a San Siro ba sai 1947. Magoya bayan Milan da yawa har yau San Siro suke cewa. A filin nan ne Kamaru ta doke Ajantina 1-0 a wasan buɗe gasar kofin duniya ta 1990, kuma nan ne gidan Nwankwo Kanu, Taribo West, Obafemi Martins, Sulley Muntari da Samuel Eto'o lokacin da suke Inter. A 2025 majalisar birnin Milan ta amince a sayar wa ƙungiyoyin biyu filin, su kuma suna shirin gina sabo a kusa da shi su rushe mafi yawan tsohon.